Fim Ya Kiyaye, Amma Wa Ya Ba da Shaidar?

A shekarar 2009 kamfanin Kodak ya daina yin fim ɗinsa mai suna Kodachrome, a 2012 kuma ya garzaya kotu yana neman kariya daga masu binsa bashi, sai kowa ya ɗauka zamanin kyamarar fim ya wuce ke nan. Abin bai tafi haka ba. A 2018 Kodak ya dawo da Ektachrome kasuwa, a 2022 Leica ta sake ƙera tsohuwar kyamararta M6, a 2024 kuma Pentax ta fitar da sabuwar kyamarar fim. Da yawa daga masu sayen nan matasa ne da suka tashi da waya a hannu, kuma suna haɗuwa su nuna wa juna hotunan da suka ɗauka, kowa ya faɗi ra'ayinsa a kan na ɗan'uwansa. Wanda ya saurari irin wannan sharhi zai ji abu biyu suna ta maimaituwa. Na farko maganar kayan aiki: wane fim ne, wace kyamara, yaya launi ya fito, yaya yashi-yashin hoton yake. Na biyu wata aƙida ce da ba a cika furta ta ba amma a kanta aka gina komai, cewa hoton fim ba ya ƙarya, tunda haske ne ya taɓa shi kai tsaye. Ni a ganina aƙidar nan rabinta gaskiya ne, kuma rabin da aka bari shi ne ya kamata ya zama ainihin aikin mai sharhin hoto.

Rabin da yake gaskiya yana da ƙarfi, kuma bai kamata a rage masa komai ba. Fim leda ce siririya da aka shafa wa wani kauri mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa. Idan aka danna kyamara, ƙofarta takan buɗe na ɗan ƙiftawar ido, hasken da ya taso daga fuskar mutum ko bangon gida ya ratsa gilashi ya sauka a kan ƙwayoyin nan, ya canza waɗanda ya taɓa ta yadda ido ba zai gani ba tukuna. A ɗakin duhu mai wanki zai tsoma fim ɗin cikin sinadarin farko, wanda ke mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa baƙar azurfa, sannan ya tsoma shi cikin wani da ke wanke sauran da haske bai taɓa ba, domin kada su ci gaba da canzawa idan an fito da su sarari. Abin da ya rage shi ne negetib, inda farar riga ta zama baƙa, baƙin gashi ya zama fari. Wannan 'yar leda tana wurin lokacin da abin ya faru, kuma hasken ranar ne ya bar mata tabo. Tun ƙarni na goma sha ɗaya Ibnul Haisam ya bayyana a Alƙahira yadda haske ke tafiya a miƙe ya shiga ɗaki mai duhu ta 'yar kafa. Abin da Niépce da Daguerre da Talbot suka ƙara a ƙarni na goma sha tara shi ne hanyar riƙe surar da hasken ke zanawa kada ta gushe. A zamanin da ƙirƙirarriyar basira ke iya fitar da hoton taron da ba a taɓa yi ba, negetib hujja ce mai nauyi.

A kan wannan gaskiyar ne wasu manyan malamai suka gina halaccin hoto. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin muftin Masar daga 1914 zuwa 1920, ya rubuta risala ta musamman a kan mas'alar, inda ya ce abin da kyamara ke yi tsare inuwa ne kawai, kamar surar da mutum ke gani a madubi, sai dai an hana ta tafiya. Tunda ba hannun mutum ne ya zana ido da hanci ba, babu gasa da halittar Allah, wadda ita ce illar da hadisan suranta mai rai suka yi gargaɗi a kanta. Malikawa dama tun da can sun bambanta tsakanin sura mai jiki da inuwa, wadda suka haramta idan cikakkiya ce kuma ta mai rai, da sura shimfiɗaɗɗiya a kan takarda ko tufa, wadda hukuncinta ya fi sauƙi a wurinsu. A ɗaya ɓangaren, Shaihu Bin Baz da Shaihu Albani sun tsaya a kan hani sai da larura, kuma Albani ya kawo wata hujja da ta cancanci a tsaya a kanta: mai hoto ba ya zaune hannu sake, shi ke sa fim, shi ke saita kyamara ya nufi abin da yake so, shi ke wankewa, don haka ba za a ce ba shi da aiki a cikin surar ba.

Hukuncin halas da haram na malamai ne, kuma ba shi nake nufin warwarewa a nan ba. Abin da ya ja hankalina shi ne kowane ɓangare ya bayyana wani abu na haƙiƙa game da hoto. Al-Muɗi'i ya yi daidai cewa surar ba daga hannu ta fito ba. Albani ya yi daidai cewa mutum ne ya sa ta fito, a inda ya zaɓa, a lokacin da ya zaɓa. Ko wanda ya gamsu da fatawar halacci ɗari bisa ɗari ba zai iya cewa an sauke masa nauyin abin da ya ɗauka da abin da ya nuna ba. Shaihu Ibnu Usaimin, wanda bai ɗauki hoton nan-take a matsayin surantawar da aka hana ba, ya mayar da hukuncin ga manufar da aka ɗauke shi dominta. Daga nan tambaya ta tashi daga kan na'ura ta koma kan mutum.

Malaman hadisi sun bar mana ma'aunin da ya fi kowane dacewa da wannan matsala. Kafin su karɓi labari daga maruwaici sukan nemi siffa biyu a tare da shi, kuma ba sa yarda ɗaya ta tsaya a madadin ɗaya. Ta farko kiyayewa, wato ya riƙe abin da ya ji daidai ba ragi ba ƙari. Ta biyu adalci, wato ya zama mutumin da ba zai yi ƙarya ba, ba zai karkatar da magana don son zuciya ba. Akwai salihan bayi da aka ajiye ruwayarsu saboda mantuwa, akwai kuma masu kaifin hadda da aka watsar saboda an kama su da ƙarya. Fim yana da kiyayewa irin wadda babu ɗan Adam da ya kai: yana riƙe adadin maɓallan riga da tsagar bango da babu wanda ya lura da su a wurin. Adalci kuwa siffa ce ta mai zaɓi, kuma leda ba ta zaɓar komai. Duk wanda ya ce hoton fim gaskiya ne saboda fim ne, ya karɓi ruwaya da sharaɗi ɗaya ya manta da ɗayan.

Tarihin hoto ya cika da misalin kiyayewa ba adalci tun kafin a san kwamfuta. A watan Yulin 1863, bayan gwabzawar Gettysburg a yaƙin basasar Amurka, Alexander Gardner da mutanensa sun ɗauki hoton gawar wani soja kwance a bayan shingen duwatsu da bindiga jingine kusa da shi, aka yaɗa shi a matsayin maharbin da ya mutu a maɓoyarsa. Masanin tarihi William Frassanito ya nuna dalla-dalla a 1975 cewa gawar nan ta fito a wasu hotunan nasu a wani wuri dabam, wato ɗauko ta aka yi aka kawo nan aka shirya ta. Farantin gilashin da aka ɗauki hoton a kansa bai ƙara komai daga kansa ba, abin da aka ajiye a gabansa ya kiyaye. A Tarayyar Sobiyet ta zamanin Stalin kuwa, bayan an kashe wani babban jami'insa, Nikolai Yezhov, a 1940, goge shi aka yi daga hoton da yake tafiya kusa da Stalin a bakin ruwa, aka cike gurbinsa da ruwa, duk da buroshi da wuƙa da fenti.

Waɗannan ƙarairayi ne na fili, kuma ba su ne suka fi damuna ba, domin da wuya matashin da ke nuna hotunansa ya kai ga haka. Wanda ya fi yawa shi ne abin da kowane hoto ke yi ba makawa: yana da gefe huɗu, kuma duk abin da ke bayan gefen an yanke shi. Malaman hadisi sun san irin wannan a babin taƙaita hadisi. Sun yarda masani ya kawo wani yanki ya bar wani, da sharaɗin yankin da aka bari ba shi da alaƙar da barinsa zai sauya ma'anar wanda aka kawo. A watan Maris na 1993 Kevin Carter ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta durƙusar a Ayod, a kudancin Sudan na lokacin, ga ungulu tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga shi, duniya ta girgiza, Carter ya sami kyautar Pulitzer a 1994. Yunwar gaskiya ce, yaron gaskiya ne, ungulun ma gaskiya ce. Amma wanda ya kalli hoton zai ɗauka yaron shi kaɗai ne a daji babu kowa, alhali wurin yana kusa da cibiyar rabon abinci da jama'a ke kai-komo. A 2011 'yan jaridar El Mundo ta Sifaniya suka gano mahaifinsa, ya shaida musu cewa yaron ya tsira daga wannan yunwar, shekaru bayan nan ya rasu. Hausawa na cewa gani ya kori ji, sai ga shi a nan ji ne ya zo bayan shekara goma sha takwas ya gyara abin da gani ya bari a karkace. Ko yankan da Carter ya yi ya sauya ma'ana, ko kuwa ya taƙaita gaskiyar yunwa ne cikin sura ɗaya ba tare da ha'inci ba, wannan ita ce tambayar da mai sharhi ya kamata ya zauna a kanta, kuma masu hankali na iya saɓani wajen amsa ta.

Akwai kuma haƙƙin wanda aka ɗauka, wanda masu sharhi kan tsallake kamar mutumin cikin hoton itace ne ko dutse. A 1936 Dorothea Lange ta ɗauki hoton wata uwa da 'ya'yanta a sansanin 'yan ƙwadagon gona a Nipomo ta Kalifoniya, hoton da ya zama fuskar talaucin Amurka na wancan zamani. Lange da kanta ta ce ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 aka san ita ce Florence Owens Thompson, kuma ta bayyana ɓacin ranta cewa fuskarta ta zaga duniya ita ba ta amfana da komai ba. Iyalanta sun kuma musanta bayanin da aka jingina wa hoton cewa sun sayar da tayoyin motarsu don su sayi abinci. Mutane da dama sun san labarin babban yatsan matar da aka dishe daga kusurwar negetib ɗin a 1939 don kada ya ɓata tsarin hoton, har ana muhawara a kansa. A wurina yatsan ƙaramin al'amari ne idan aka gwada shi da mace da aka yi shekara arba'in da biyu ana ba da shaida a kanta ba a ji ta bakinta ba.

Za a ce mini hoto ai ba dole ya zama shaida ba, fasaha ce, kuma mai fasaha yana da 'yancin sarrafa abinsa. Na yarda, kuma manyan masu hoton fim sun yi hakan a fili. Ansel Adams ya ɗauki fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez a 1941, ya kuma yi shekaru yana buga hoton daga negetib guda, sararin samaniya yana ƙara duhu daga bugu zuwa bugu har ya zama baƙi ƙirin. Babu wanda ya yaudaru, domin Adams ya rubuta yadda yake yi, ya koyar da shi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da babur da alƙalami domin mai son hoto ya riƙe ko ya jingina, kuma duk Bamako ta san na shago ne. Mai zuwa ya zo ne a nuna shi yadda yake so a gan shi, mai hoto ya cika masa alkawari. Abin da waɗannan suka nuna shi ne kowane hoto yana tafe da da'awa, ko a rubuce a ƙarƙashinsa ko a fahimce daga inda aka ajiye shi, kuma adalci shi ne da'awar ta dace da abin da aka yi. Labarin Keïta ma yana da kashi na biyu: a 1991 an rataye hotunansa a wani baje koli a New York ba tare da sunansa ba, daga baya aka riƙa buga su manya-manya ana sayarwa a Turai, alhali mutanen cikinsu sun zauna ne domin ɗan ƙaramin hoton da za a aika wa dangi. Hoto ɗaya ne, amma da aka sauya masa majalisi sai da'awarsa ta sauya, kuma wannan ma abin sharhi ne.

Wani zai ce to maganar haske da launi da kaifi fa, watsar da ita za a yi? Ba za a watsar ba, ita ce ɓangaren kiyayewa, kuma maruwaici mai yawan kuskure ba a karɓarsa komai kirkinsa. Sai dai idan ta zama ita kaɗai ce ma'auni takan makantar. Robert Frank ya zaga Amurka a tsakiyar shekarun 1950 ya ɗauki hotuna sama da 27,000, ya zaɓi 83 ya yi littafi da su. Da littafin ya fito a Amurka a 1959, masu sharhin mujallar Popular Photography suka yi masa ca a kan dishi-dishi da karkatar hoto da rashin tsabtar haske, alhali a cikinsa akwai hoton motar haya ta New Orleans, fararen fata a tagogin gaba, baƙaƙe a na baya, wanda ya faɗi gaskiyar ƙasar fiye da dubban hotuna masu kaifi. Ita kanta maganar kayan aiki ba ta rabu da adalci ba. Masu wanke hoton launi sun yi shekaru da yawa suna daidaita injinansu da katin gwaji na Kodak mai ɗauke da hoton mace farar fata, sai fuskokin baƙaƙe su riƙa fitowa a dushe ba a ganin siffarsu. Duk wanda ya buɗe tsohon kundin hotunan biki a ƙasar Hausa ya ga farar babbar riga tana ƙyalli, fuskar mai ita ta nutse cikin duhu, ya san matsalar da idonsa. Mai sharhin da ya ce wa ɗan koyo ya auna haskensa a kan fuskar mutum maimakon rigarsa ya yi maganar sana'a, ya kuma kare haƙƙin wanda aka ɗauka a lokaci guda.

Suka mafi nauyi da za a yi wa ra'ayina ita ce yana buɗe ƙofar shiga zukatan mutane. Idan aka ce a bincika adalcin mai hoto, ashe ba an ba kowane mai baki lasisin zargin niyya da cin naman ɗan'uwansa ba? Tsoron nan yana da tushe. Carter ya sha zagi daga mutanen da ba su taɓa taka inda ya taka ba, suna kiransa ungulu ta biyu, kuma a watan Yulin 1994 ya kashe kansa cikin tarin damuwa. Amma malaman jarhi da ta'adili, masu tantance maruwaitan hadisi, sun fuskanci wannan tuhumar tun da daɗewa, an ce musu aikinsu giba ne, kuma Imam Nawawi ya lissafa bayyana aibin maruwaita da masu shaida cikin wuraren da ambaton aibi ya halatta saboda nasiha ga al'umma. Abin lura shi ne yadda suka yi aikin: sukan jera ruwayar mutum kusa da ta abokan karatunsa su ga inda ya saɓa, sukan nemi littafinsa na asali su duba. Ba sa cewa sun san abin da ke ransa. Hoton fim yana da irin wannan littafi na asali. Naɗin fim na yau da kullum yana ɗaukar hoto 36, kuma masu sana'ar sukan shimfiɗa dukkan negetib ɗin a kan takarda guda su buga su ƙanana a jere, sai a ga abin da aka ɗauka kafin zaɓaɓɓen hoton da bayansa, a ga inda mai hoto ya matsa, da abin da ya kewaye da jan fensir, da abin da ya bari. A kamfanin Magnum, wanda aka kafa a 1947, da irin wannan takarda aka riƙa auna mai neman shiga, kuma Henri Cartier-Bresson yakan sa a buga hotunansa da baƙin gefen negetib a jiki domin a ga bai datse komai ba. Mai sharhi na iya tambaya: me ke gefen hagu da ba mu gani ba, matar nan ta san ana ɗaukarta, ta san za a nuna wa baƙi, bayanin da ka rubuta a ƙasa ji ka yi daga bakinta ko zato ne? Duk waɗannan suna da amsa da za a iya dubawa, kuma babu wadda ta buƙaci a tsaga ƙirjin kowa.

Saura abu guda da masu ƙaunar fim na yau ba su cika son a ambata ba. Mafi yawan hotunan fim da ake nunawa yanzu babu wanda ya taɓa ganinsu a takarda. Shagon wanki yakan wanke fim ya sa shi a injin sikanin irin su Noritsu ko Frontier, ya turo wa mai shi ta intanet. Negetib mai launi yana da wani ruwan lemo a jikinsa, ba shi da launin ƙarshe nasa na kansa, don haka injin da ma'aikacin da ke zaune a gabansa su ke yanke yadda fata da sama za su fito, kuma shago biyu na iya fitar da launi biyu daga leda guda. Launin da ake yabo ana cewa na fim ne, akwai hannun wani mutum a ciki da ba a ambaci sunansa ba, wato an tsallake mutum ɗaya a isnadin, jerin waɗanda labarin ya biyo ta hannunsu. Shaguna da yawa kuma sukan tambayi mai fim ko yana son a mayar masa da negetib ɗinsa ko a zubar, kuma akwai masu cewa a zubar tunda hotunan sun shigo waya. Wanda ya yi haka ya rabu da abu guda da ya bambanta hotonsa da na waya, kuma ranar da wani ya tambaye shi abin da ke cikin hoto na 17 da na 19 a naɗin da ya ciro na 18, ba shi da abin da zai ɗaga wa haske ya nuna.